Inna Kulu, Wadda Ta Koya Mini Kiran Ɗiyata da Hannu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna Kulu ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni a Bakura, ina tsaka da dama koko. Wayata ta yi ƙara, na duba na ga ɗiyata Yalwa ce ke kira na ta bidiyo daga Mafara. Waɗanda suka san mu sun san Yalwa kurma ce, da hannu muke magana. Na jingina wayar da tulu, na goge hannuna. Ba ta ko gaishe ni ba. Sai ta ɗora yatsa a kan haƙoranta na gaba, wato sunan Inna Kulu ke nan a maganar hannu, saboda wushiryarta. Sannan ta kwantar da tafin hannunta a hankali.

Na zauna daɓas a ƙasa.

Na yi kuka na ƙoshi. Amma abin mamaki, duk abin da na tuna game da matar nan sai in tsinci kaina ina dariya. Jikokina suna ta leƙo ni, sun ɗauka kaka ta zare.

Ku yi haƙuri, rubutun nan zai yi tsawo. Da yawa daga cikinku kun san ni a matsayin Malama Dije mai koyar da iyaye maganar hannu. Ba ku san wadda ta ɗora ni a kan aikin ba. Yau ina so ku san ta.

Lokacin ana aikin madatsar ruwa ta Bakolori ne. Ina yarinya ɗanya, sabon aure, haihuwar fari. Maigidana, Allah ya jiƙansa, direban tifa ne a wurin aikin, yana kwasar ƙasa da duwatsu. Muna haya a Talata Mafara tare da mahaifiyarsa, Gwaggo Hassi. Garin a cike yake da baƙi, leburori daga ko'ina, katafila tana wucewa ƙasa na rawa. Wasu sun samu a wannan zamani, wasu kuma gonakinsu da gidajensu ruwa ya ci. Inna Kulu tana cikin waɗanda ruwa ya tasa daga ƙauyensu a ƙasar Maradun. Ta dawo Mafara da mahaifiyarta da 'ya'yanta, ta kafa sana'ar fura da hoce, wainar dawa irin tamu ta nan, tana kai wa ma'aikata.

In maigidana ya taso aiki da yamma, yakan ajiye tifar a ƙofar gida ya danna oda. Yaran unguwa su fito da gudu, jarirai su tsala ihu, kaji su watse. Yalwa kuwa tana kwance tana wasa da ƙafarta, ko gezau.

Har alfahari yake yi. Yana cewa, "Wagga ɗiya jaruma ce, ba ta da tsoro."

Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Wata rana jeren kwanonina ya zube a gefen kanta tana barci. Ba ta motsa ba. Na dubi Gwaggo, Gwaggo ta dube ni.

Daga nan aka shiga nema. Rubutu, hayaƙi, man ɗigawa a kunne. An kai ta asibiti, likita ya duba ya ce kunnen ba ya ji, kuma da wuya ya ji. Na dawo gida na shige ɗaki. Abin da ke cin raina shi ne, yarinyar nan za ta girma ban taɓa sanin abin da ke ranta ba, ita ma ba ta san nawa ba.

Maigidana ne ya kawo labarin Inna Kulu. Ya ce akwai wata mai hoce a wurin aikinsu, ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, amma tana ciniki da Turawan kamfani da hannu har su yi ta ƙyaƙyata dariya. Ya ce akwai kurame biyu cikin leburori, in an tashi cin abinci wurinta suke zama, hira suke yi kamar ba gobe. Ya tambaye ta inda ta koya, ta ce mahaifiyarta kurma ce, da hannu aka rene ta, ta iya shi kafin ta iya magana da baki.

Ranar wata Juma'a da la'asar ta yi mana sallama. Doguwa, baƙa, ga wushirya, ga murya kamar ta mai shela. Ta zauna suka gaisa da Gwaggo, gaisuwar da ba ta ƙarewa, lahiyar gida, lahiyar maƙwabta, gajiya, zafi, har da awaki. Sannan ta ce a miƙo mata ɗiyar.

Ta zaunar da ita a tabarma, ta zagaya bayanta ta tafa. Shiru. Sai ta buga ƙafa a ƙasa da ƙarfi. Yalwa ta waiwayo firgigit. Inna Kulu ta zaro ido, ta kumbura kumatu, ta yi wata irin fuska. Yalwa ta fashe da dariya har tana faɗuwa.

Ta ce, "To mi kuke ma kuka? Ɗiya ga ta garau. Kunne ɗai na ya ƙi, ido na nan, hannu na nan, wayo na nan. Ni uwata da kunka ji, ba ta taɓa jin kukana ba, kuma ba ta taɓa barina da yunwa ba."

Sai ta juyo gare ni. "Ke ce uwar? Taho ki zauna gabanta. Dube ta cikin ido."

Nan fa ake yin ta.

Ku 'yan zamani ba za ku gane ba. A lokacinmu ɗan fari abin kunya ne. Ba ka faɗin sunansa, ba ka yi masa wasa a gaban mutane, balle a gaban surukai. Ko nono zan ba ta sai na juya baya. Yalwa ma laƙabi ne da kakarta ta sa mata, sunanta na yanka har yau bakina bai saba da shi ba. Yanzu ga wata baƙuwa tana cewa in zauna gaban surukata in ƙura wa ɗiyar fari ido in yi mata gwalo.

Na sunkuyar da kai, na ja mayafi.

Inna Kulu ta gane. Ba ta matsa mini ba, Gwaggo ta fuskanta. Ta ce, "Yaya Hassi, kunya ado ce, ban musa ba. Amma wagga ɗiya da ido take ji. In uwar ta kauda kai, ta toshe mata ɗayan kunnen ke nan. Ki yi mata izini."

Gwaggo ta ce, "Sunan fa? Ta riƙa kiran sunan ɗiyar fari?"

Inna Kulu ta ce, "An hana ta hwaɗi da baki. Wa ac ce kar ta hwaɗi da hannu?"

Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta tashi ta ɗauki butarta ta ce ita za ta shiga maƙwabta, mu yi abin da za mu yi, idonta bai gani ba.

A ranar aka raɗa wa Yalwa sunan hannu. Tana da ɗan lotsawa a kumatu in ta yi dariya, sai Inna Kulu ta ce a riƙa danna kumatu da ɗan yatsa. Ta kama hannuna ta nuna mini. Na danna kumatuna ina kallon ɗiyata. Wannan ne karo na farko da na kira ta.

Daga nan kusan kowace yamma, in ta sayar da hocenta, sai ta biyo ta gidanmu da ƙwaryar a ka. In ya yi saura mu ci, in bai yi ba ta ce, "Yau Turawa sun cinye rabonku."

Ba ta da allo, ba ta da littafi. Abin da ke gabanmu shi ne darasi. In zan ba da nono, sai na fara nuna alamar nono. In za a yi wanka, alamar ruwa. In akuya ta wuce, a yi gemu da hannu. Takan ce, "Nuna kahin ki ba ta, ki nuna tana sha, ki nuna in ta gama. Kar ki gaji. Ai masu ji ma sai an yi ta yi musu surutu kahin su ce baba."

Ta hana ni yin alama da fuska a murtuke. "Dije, hannunki na cewa zo, huskarki na cewa tahi. Wanne za ta bi?"

Watanni suka shuɗe, Yalwa sai kallo da dariya. Na fara karaya. Na ce, "Inna, anya tana ganewa?" Ta ce, "Tana tarawa ne. Ki bar ta."

Ranar da abin ya zo, ba ni ya zo wa ba, kuma har yau ina jin haushi kaɗan. Maigidana ya dawo aiki, ya shigo tsakar gida duk ƙura. Yalwa tana zaune a cinyar Inna Kulu. Tana ganinsa sai ta ɗaga hannuwa biyu ta riƙa juya su kamar mai riƙe da sitiyari.

Inna Kulu ta rangaɗa guɗa. "Ta kira ubanta! Wallahi ta kira ubanta!"

Bawan Allah nan ya tsaya cak. Namiji, direban babbar mota, sai ga hawaye yana bin ƙurar fuskarsa. Ya fita, ya dawo da tsire mai yawa, aka ci har maƙwabta.

Na ce da Inna, "Ni da nake ba ta nono, shi ta fara kira?" Ta ce, "Haka suke, 'yan banza. Nawa ma haka sunka yi min."

Bayan wannan sai kamar an buɗe famfo. Nono, ruwa, akuya, zafi, ƙari. Kukanta ya ragu sosai, don yanzu tana da hanyar faɗin abin da take so. Gwaggo dai ba ta koya ba. Tana jin daɗin abin, amma takan ce ita ta tsufa da wasan yatsu.

Akwai alamu uku da Inna Kulu ta fi tsananta mana a kansu: tsaya, zauna, haɗari. Ta mai da abin wasa. Yalwa tana tafiya dagwai-dagwai a tsakar gida, sai Inna ta kaɗa mayafi, in ta waiwayo a nuna mata tsaya, a nuna mata zauna. In ta zauna a ba ta ɗan hoce. Kullum sai an yi. Har na ce, "Inna, wannan ai ta iya." Ta ce, "A ƙara. Garin ga ya cika da mota da ruwa. Ɗan da ba ya jin kira, wagga ita ce igiyarsa."

Da aikin gini ya ja baya, maigidana ya samu fili a wajen Birnin Tudu yana noman rani, alkama da albasa. Wata rana da hantsi muka kai masa abinci gona, ni da Gwaggo da Yalwa. Lokacin tana gudu sosai, ba ta kai shekara uku ba. Gonar tana bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, irin babban nan mai gangaren siminti. Ranar an sako ruwa, ya cika yana gudu.

Muna sauke kwanoni, Gwaggo tana zuba ruwan sha, ni ina kwance ɗaurin tuwo. Na ɗaga kai ban ga yarinya ba.

Can na hango ta. Ta bi ta 'yar gadar da muka hauro, ta koma tsallake, tana bin wata balbela. Tsuntsuwar tana tafiya a bakin simintin, Yalwa na biye da ita da hannu a miƙe. Tsakaninta da gangaren bai fi taku kaɗan ba. Gadar ta yi mana nisa. Maigidana yana can ƙarshen gona.

Gwaggo ta ƙwalla ihu, "Yalwa! Yalwa!" Tana ihu tana dukan cinya. Yarinya ba ta san ana yi ba.

Ni ban san lokacin da na fizge mayafina ba. Na ɗaga shi sama ina kaɗawa da duk ƙarfina. Ja ne, Allah ya taimake ni. Ta hango shi ta gefen ido, ta waiwayo.

Na saki mayafin. Na nuna mata tsaya.

Ta tsaya.

Na nuna mata zauna. Na tuna maganar fuska, na yi ƙoƙarin sakin ta kamar wasan da muka saba.

Ta dubi balbela, ta dube ni. Sai ta zauna daram a ƙasa, ta miƙo hannu tana jiran hoce.

Haka na riƙe ta da ido, ina nuna mata zauna, zauna, har ubanta ya zagayo da gudu ya sure ta. Da ya kawo ta, fushi take yi. Tana ta nuna mini tsuntsu, tana nuna ya tashi, wai mu muka kore shi.

Gwaggo ba ta ci abincin nan ba. Da muka koma Mafara, ko mayafi ba ta cire ba ta wuce gidan Inna Kulu, ina biye da ita. Ta zauna ta miƙa hannuwanta biyu ta ce, "Kulu, ga su. Sun tsuhwa, amma ki san yadda kinka yi da su. Yau na yi kira har muryata ta dishe, jikata ba ta ji ni ba."

Inna Kulu ta riƙe hannuwan ta ce, "Da mi za mu hwara?"

Gwaggo ta ce, "Da yadda ake cewa don ubanki."

Ranar mun yi dariya har cikinmu ya ƙulle. Kuma ta koya mata ɗin.

Labarin kanal ya bazu. Mata suka fara zuwa da goyo, wasu daga Maradun, wasu daga Jangebe. A shekarun nan sanƙarau da ƙyanda sun taɓa kunnen yara da dama. Akwai wata sista a asibiti mai kula da awon jarirai, mutuniyar kirki, ita ta aika aka kira Inna Kulu. Ta ce ta riƙa zuwa ranar awo tana zama da iyayen da aka ga alamar 'ya'yansu ba sa ji. Da farko a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ake yi. Daga baya aka ba ta ɗaki, aka sa ta cikin ma'aikata.

Ranar da ta fara sa farin hijabin aiki, sai da ta zagaya unguwa kaf tana gaishe-gaishen da ba dalili.

Ita ta je wurin maigidana ta roƙa a bar ni in riƙa raka ta. Ta ce masa, "Ni ina da hannu, Dije na da boko. Kuma in uwa ta ga wata uwa da ta bi hanyar, ta hi saurin yarda." Ya ce ai ko ba ta roƙa ba.

Mun sha hanya da matar nan. Bayan a-kori-kura, cikin buhunan albasa, mu sauka muna wari. Duk gidan da muka shiga, ba ta fara maganar kunne. Sai ta ɗauki jaririn ta yi ta yabonsa, goshinsa, yatsunsa, wayonsa, har sai ta ga uwar ta yi murmushi. Ta ce mini, "Uwar ake hwara warkarwa. Ɗan lahiyarsa lau."

Kuma ba ta yarda a ce bebe a gabanta. Takan ce, "Yana da suna. In ba ku sani ba ku tambaya."

Wani abin da ta lura da shi tun a gidanta shi ne, jariran da ke ji ma suna kama alamar hannu tun bakinsu bai buɗe ba. Sai ta ce a koya wa kowa. Ranar awo ka ga mata cike da ɗaki, kowace da goyo a cinya, ana nuna nono, ana nuna ciwo, ana nuna barci. Wata ta taɓa dawowa tana ƙorafi, wai tun da ɗanta ya iya alamar ƙari ba ta huta ba. Inna ta ce, "Da can ma yana so, hwaɗi ne bai iya ba."

Ita ce ta tura ni karatu. Da Yalwa ta shiga makarantar kurame, sai Inna ta ce mini, "Tahi ki samo takarda. Aikin ga ya hi ƙarhin tsohuwa mai hoce, yana son waɗanda za su shiga ohis su yi magana a ji." Na tafi kwalejin horon malamai, na karanta koyar da masu buƙata ta musamman. Ƙananan 'ya'yana a gidanta suka riƙa yini. In na zo hutu sai ta cika mini jaka da ƙuli-ƙuli da yaji.

A can na tarar alamun makaranta daban suke da namu na gida, har da harufan da ake rubutawa da yatsu. Na dawo ina ɗari-ɗari, ina tsoron kar ta ga kamar na zo gyara mata aiki. Ashe ita jira take. Ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Malama, bismilla. Yau ni ce ɗaliba."

Ta kira ni Malama tun daga ranar har ƙarshen rayuwarta, ni da ta koya wa komai.

Da ta iya rubuta sunanta da yatsu, ba wanda ya huta. Mai kayan miya, mai faci, direban mota, duk sai da aka nuna musu. Ta ce yara su riƙe duka biyun, na makaranta don karatu, na gida don hira da kakanni.

Yau Yalwa ce ke riƙe da ajin iyaye a Mafara, ni na yi ritaya. Cikin yaran da suka bi ta hannun Inna akwai teloli, akwai manoma, akwai malamai, akwai mai gyaran waya. 'Yan matan da ke tambayata a inbox ko wannan aiki ne da mutum zai riƙe ya rayu da shi, ga amsarku. Aiki ne, ana karanta shi, kuma muna neman hannu. Sai dai ku zo da haƙuri, ku zo da fuska a sake.

Ganina da ita na ƙarshe bayan ƙaramar Sallah ne. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, ta rame amma idon nan yana nan tar. Na yi sallama ba ta amsa ba, sai da na zagayo gabanta. Tsufa ya tafi da jinta gaba ɗaya.

Na ji wani iri. Ita kuwa dariya ta yi, ta ce da babbar muryar nan tata, "Malama, kin gani? Tsohhin garin ga duk wanda kunnensa ya tahi sai ya koma gehe ya yi tagumi. Ni ko a jikina. Hirata ma yanzu ta hi daɗi, ba ni jin masu gulma."

Muka yini muna hira da hannu. Ta sa aka dama mini fura, ta tsare ni sai na shanye. Ta yi mini faɗa wai na rame, wai ritaya ba ta karɓe ni ba.

Da zan tafi ta riƙe mini hannu. Ta ce an gaya mata akwai wata yarinya a Jangebe, haihuwar fari, ɗanta ba ya ji, ta shige ɗaki ba ta fita, ko suna ba ta zuwa. Ta ce, "Da ƙahwahuna na kai ni da na tahi. Ki je, Malama. Kar ki aika, ki je da kanki. In ya yi ta hwarko, ki zo ki ba ni labari."

Na ce to, Inna.

Na je. Na yi ta zuwa. Yarinyar sunanta Nafisa, ɗan kuma Sadiƙu, mai ƙaton kai da son dariya. Ranar farko ko kallona ba ta yi ba. A hankali ta fara zama a gabansa, ta fara ɗaga hannu.

Shekaranjiya ta kira ni tana ihu a waya, har na tsorata. Ta ce, "Malama, ya ce nono! Wallahi ya ce nono, sau biyu!" Ina jin kakarsa tana guɗa a bayanta.

Na ce ranar Juma'a zan shiga Mafara in kai wa Inna labari da kaina, in ga fuskarta. Ban so in aika.

Juma'ar ba ta same ta ba. Shi ya sa nake gaya muku ku. Sadiƙu ya ce nono.

Ya Allah, ga baiwarka Hauwa'u, Kulunmu, ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Yadda ta faranta ran iyaye a lokacin da suka yanke ƙauna, ka faranta mata fiye da haka. Ka sada ta da mahaifiyarta a Aljanna Firdausi. Ka ba 'ya'yanta da jikokinta da ɗalibanta haƙuri, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen.

An yi jana'iza da hantsi, ana zaman gaisuwa a gidanta a Mafara, yanzu zan kama hanya.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko ya san ta ko bai san ta ba, ya tsaya ya yi mata addu'a, ya karanta mata Ƙulhuwallahu. Wanda kuma yake da kurma a gida ko a maƙwabta, ya je ya sanar da shi, don da yawansu ba su samu labari ba tukuna, kuma sun fi kowa haƙƙin su sani. Su ma su roƙa mata.

Allah ya jiƙan Inna Kulu. Amin.